Ambaton Asali a Labaran Sauyin Yanayi: Abin da Nake Gani a Landan da Abin da Nake Karantawa Daga Gida

A cikin mako guda na kama kaina ina kare abubuwa biyu masu karo da juna. Ranar farko na shiga muhawara a shafin X da wani Bature wanda ya yi ƙorafin cewa ƴan jaridar Ingila da Amurka ba sa iya rubuta labarin zafi ko ambaliya sai sun cusa launin fata a ciki, ni kuwa na tsaya kai da fata cewa ambaton ya zama dole. Bayan kwana uku sai ga ni a wani zauren WhatsApp na tsofaffin abokan karatu ina sukar wata jaridar Najeriya saboda ta sa sunan ƙabila a kanun labarin rikicin gona da kiwo. Wani aboki da ya ga maganganun nawa duka biyu ya rubuto mini a gefe cewa, “Malam, ashe wanzami ba ya son jarfa.” Na ji zafin maganar domin tana da ƙamshin gaskiya, kuma tun daga ranar nake juya ta a raina.

Muhawarar da ake yi a nan ta daɗe, sai dai intanet ta ƙara mata kaifi. Ɓangare ɗaya na cewa sauyin yanayi magana ce ta kimiyya, hayaƙin da ke ɗumama duniya bai san baƙi ko fari ba, don haka duk ɗan jaridar da ya mayar da labarin batun launi, jinsi ko asali yana korar mutanen da ake buƙatar goyon bayansu, musamman talakawan Turawa da suke jin an mayar da su masu laifi alhali su ma da ƙyar suke biyan kuɗin ɗumama ɗaki. Ɗaya ɓangaren na cewa bala'i ba ya sauka daidai wa daida, yana bin tsohuwar hanyar da zalunci ya share masa, saboda haka ɓoye asalin waɗanda abin ya shafa ɓoye rabin labarin ne.

Hujjojin ɓangare na biyu ba na wasa ba ne. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin Amurka ta zana taswirorin birane fiye da 200, ta shafa jan launi a unguwannin baƙaƙen fata da na baƙin haure a matsayin wuraren da ba su cancanci rancen gina gida ba. Unguwannin suka rasa jari, suka rasa bishiyoyi da filayen shaƙatawa, aka bi ta kansu da manyan tituna da masana'antu. Wani bincike da aka wallafa a 2020 kan birane 108 ya gano cewa waɗannan unguwanni sun fi takwarorinsu da aka yi wa kyakkyawar shaida zafi da kimanin digiri 2.6 a ma'aunin Salshiyos. Ɗan jaridar da zai ba da labarin zafin bazara a irin waɗannan birane ya ƙi ambaton taswirar, ya bar mai karatu da zaton cewa rana ce kawai ta ga dama ta fi dukan wasu. Haka kuma lokacin guguwar Katrina a 2005, mutane ba su manta da hotuna biyu da suka fito daga New Orleans ba: matashi baƙar fata yana ratsa ruwa da kayan abinci aka rubuta cewa ya yi wawaso, Turawa biyu a irin wannan hali aka rubuta cewa sun samo. A watan Janairun 2020 ma, kamfanin dillancin labarai na AP ya yanke Vanessa Nakate ƴar Uganda daga hoton da ta ɗauka a Davos tare da Greta Thunberg da wasu ƴan gwagwarmaya Turawa uku, daga baya ya nemi afuwa. Wanda ya ce babu batun launi a aikin jarida, waɗannan sun ishe shi amsa.

Abin da ya fi taɓa ni yana kusa da inda nake zaune. Akwai babban titi a kudancin Landan da ake kira South Circular, kuma duk wanda ya tsaya jiran bas a gefensa da safe zai ji hayaƙin dizal yana kankare masa maƙogwaro, ya ga baƙar ƙura ta kwanta a gefen tagogin gidajen da ƙofofinsu ke buɗewa kusan a kan kwalta. A wani gida mai tazarar ƴan taku daga wannan titi, a yankin Lewisham, Ella Adoo-Kissi-Debrah ta rayu har ciwon asma ya yi ajalinta a 2013 tana da shekara tara. Mahaifiyarta ta shafe shekara bakwai tana fafutuka, har a Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar da cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe yarinyar, karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a Birtaniya. Ella baƙar fata ce, kuma ba sirri ba ne cewa gidajen bakin irin waɗannan tituna masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi zama a ciki, cikinsu har da baƙi da yawa irina. Amma abin da ya ci shari'ar shi ne alƙaluman na'urorin auna iska, waɗanda suka nuna cewa gurɓatar ta wuce iyakar da doka ta gindaya, da kuma daidaituwar ranakun da hayaƙin ya yi tsanani da ranakun da aka garzaya da ita asibiti. Asalinta ya nuna wa mai bincike inda zai duba, alƙaluman kuma suka nuna wanda ya yi sakaci.

Duk da haka, ba zan ce ɓangare na farko ba su da abin faɗa ba. Da magajin gari Sadiq Khan ya faɗaɗa yankin harajin hayaƙin motoci zuwa dukkan Landan a Agustan 2023, inda mai tsohuwar mota ke biyan fam 12.50 a kowace rana, na karanta rubuce-rubuce da dama da suka kwatanta masu adawa da shirin a matsayin fararen fata ƴan bayan gari masu ƙin ci-gaba. Ni kuwa waɗanda na ji suna kuka da kunnena sun haɗa da mai gyaran famfo da mata masu zagayawa kula da tsofaffi a gidajensu, farare da baƙaƙe, waɗanda abin da ya haɗa su shi ne rashin kuɗin sauya mota. Ina goyon bayan shirin, amma rubutun da ya mayar da kukan aljihu zuwa ƙiyayyar launi ya cuci gaskiya. Faransa ta ɗanɗana irin wannan a Nuwamban 2018, lokacin da ƙarin harajin man fetur da aka kafa hujjarsa da kare yanayi ya fito da masu rigar ɗorawa kan tituna, galibinsu mazauna ƙananan garuruwan da babu jirgin ƙasa ko bas. Sannan ga ƙididdigar ƙungiyar agaji ta Oxfam ta 2023, wadda ta nuna cewa kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen duniya da suka fi kowa dukiya sun fitar da hayaƙi a 2019 daidai da na kashi biyu bisa uku na mafi talaucin al'umma. Wannan rabe-raben na dukiya ne, kuma akwai attajirai a Legas da Mumbai da ke cikin wancan kashi ɗayan.

Misalin da ya fi warware mini zare shi ne na zafin da ya kashe mutane fiye da 700 a Chicago a Yulin 1995. Gaskiya ne baƙaƙen fata sun fi mutuwa, amma wani masanin zamantakewa da ya bi diddigi ya kwatanta unguwanni biyu maƙwabta, North Lawndale ta baƙaƙen fata da South Lawndale ta ƴan asalin Meziko, waɗanda talaucin tsofaffinsu ya yi kusan daidai, sai ya tarar mace-macen ta farko sun ninka na ta biyu kusan sau goma. A ta farko shaguna sun rufe, gidaje sun zama kangwaye, tsofaffi na tsoron fita don haka suka kulle kansu a ɗakunan da suka zama tanderu. A ta biyu tituna cike suke da jama'a da shaguna masu sanyi da tsoho zai iya fakewa. Da mai binciken ya tsaya a kan launi, da bai kai ga abin da hukuma za ta iya gyarawa ba.

Idan na juyo ga abin da nake karantawa daga Najeriya sai in ga ambaton asali yana aiki a juye. A nan Turai yawanci asalin wanda aka cuta ake ambata domin a jawo hankali gare shi. A gida kuwa asalin wanda ake zargi ake ambata, kuma da zarar an ambata an rufe bincike. Kanun labari zai ce makiyayan ƙabila kaza sun kai hari ƙauyen ƙabila kaza, masu sharhi a ƙasa su rabu gida biyu bisa addini da yanki, kafin azahar an zagi iyaye da kakanni, babu wanda ya tambayi yaushe damina ta sauka a bana, ina burtalin da ke wurin shekara talatin da suka wuce, wa ya sayar da labi aka noma shi, wa ya mallake fadamar da ake shayar da dabbobi da rani, kuma me ya sa ba a gurfanar da wanda ya yi kisan baya ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar gandun kiwo tun 1965, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017. Waɗannan duka shawarwari ne da mutane masu suna da muƙami suka yanke ko suka ƙi aiwatarwa, amma da wuya ka gan su a labarin. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin mamaki, idan ɗan jaridar waje ya zo gyara wannan kuskure sai ya afka wani. Shi komai sauyin yanayi ne. Zai kawo maganar Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa, ya ɗora masa Boko Haram da rikicin makiyaya da hijira baki ɗaya. Masu mulki kuwa wannan bayani ya yi musu daɗi, domin sama ba ta zuwa gaban kwamitin bincike. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, ruwan sama mai yawa na cikin dalilai, amma wannan madatsa ta taɓa jawo wa birnin ambaliya a 1994, don haka tambayar da ta dace ita ce abin da aka yi a shekara talatin ɗin da ke tsakani. Haka ambaliyar 2022 da ta kashe mutane fiye da 600 ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu: kowa ya san ana sakin ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, kuma kowa ya san inda yake bi.

Ko a matakin duniya irin wannan fakewa tana nan. Gaskiya ne Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya, kuma a wannan lamari tsuntsun da ya ja ruwa ba shi ruwa ke duka ba. Gaskiya ne kuma asusun asara da ɓarna, na tallafa wa ƙasashe masu tasowa da bala'in yanayi ya shafa, da aka amince da shi a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022 bai samu alkawarin da ya wuce kimanin dala miliyan 700 ba a taron Dubai na 2023, abin da bai kai cikin cokalin ɓarnar ambaliyar Pakistan ta 2022 kaɗai ba. Sai dai idan shugaban da ƙasarsa ke ƙona iskar gas dare da rana a kan ƙauyukan Neja Delta ya hau mumbari yana cewa “mu ƴan Afirka an cuce mu”, wannan “mu” ɗin ta haɗa shi da matar da ke shanya garin rogo a gefen wutar, kuma ɗan jaridar da ya karɓi kalmar yadda take ya taya shi ɓuya.

Saboda haka amsar da na ba abokina ita ce ban sauya matsayi tsakanin Landan da gida ba, ma'aunina ɗaya ne ko da ban iya furta shi a lokacin ba. Ina son a ambaci asali idan ambaton zai kai mai karatu ga wata taswira, doka, kasafin kuɗi ko sa hannun wani jami'i, wato ga abin da aka yi wa mutane saboda asalinsu. Ina ƙin a ambace shi idan shi ne tashar ƙarshe, ko don a tara tausayi a shafukan Turawa ko don a tara gaba a namu. Na yarda cewa wannan aiki ya fi tsada, domin nemo tsohuwar taswirar burtali a ofishin safiyo na iya cin mako guda, alhali sunan ƙabila a kanun labari yana kawo dubban masu latsawa cikin awa ɗaya, kuma editan da ke rayuwa da tallan intanet ya san wanne ne ke biyan albashi.

Abokin nawa bai gamsu gaba ɗaya ba. Ya ce akwai hare-haren da maharan da kansu suke zaɓen mutane bisa ƙabila ko addini, kuma ɓoye hakan munafunci ne. Na amsa masa cewa a nan ambaton ya zama wajibi, tunda asalin shi ne dalilin kisan, amma sai an tabbatar da shi daga bakin shaidu kafin a buga, ba daga zaton wakilin da ke zaune a babban birnin jiha yana buga waya ba. Da yamma ya turo mini wani sabon labari mai sakin layi tara. Na ƙirga sunan ƙabila sau shida a ciki, ban ga sunan rafin da aka yi faɗan a kansa ba.