Daina zuba suga a shayi bai isa ba

Jama'a, da zarar an ce mutum yana da ciwon suga, shawara ɗaya kowa ke ba shi: a daina shan zaƙi. Sai bawan Allah ya sha shayinsa salam, ya bi shi da rabin burodi, da dare ya tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa, yana ganin ya kiyaye. Wallahi abin nan yana damuna. Farin burodi, farar shinkafa da tuwon da aka tankaɗe har ba sauran dusa, duk suga suke komawa a jini, kuma da gudu. Harshe ne kawai bai ji zaƙinsu ba.

Alkama da acha da ake kira abincin masu suga, su ma in an cika kwano sai sugan ya hau. Zuma kuwa suga ce, ko daga wane daji aka ɗebo ta. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da kusan ƙaramin cokali 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya tsaya ƙasa da kimanin 12 a yini guda. A rage malmala, a yawaita miyar kuka ko kuɓewa, a bar wake ya rinjayi shinkafa, a haɗa da zogale, ƙwai ko kifi. Waɗannan su ke rage wa sugan gudu.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne faɗuwar sugan jini. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide, in ya fita kasuwa bai karya ba, sugansa na iya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwajin suga. Sai makyarkyata, zufa, jiri, ya fara magana ba kan gado. Mutane su kewaye shi ana ta tofi, wani ma ya hana a ba shi zaƙi don "mai suga ne". A wannan lokacin suga ce maganinsa: ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, muddin yana iya haɗiya, a sake auna sugan jininsa bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Don Allah mai irin wannan magani ya riƙa fita da ƙwayar suga ko alewa a aljihu, kuma ya sanar da maƙwabcinsa na rumfa halin da yake ciki.