Ranar da aljihuna ya yi hayaƙi a wurin ɗaurin aure

Shekara 11 na yi ina shan taba, kuma duk tsawon lokacin na sakankance babu wanda ya sani a gidanmu. Ina da dabaru: citta a baki, turare a wuyan riga, sannan in zagaya unguwa sau ɗaya kafin in shiga gida. Da tari ya fara tashina da asuba tun kafin ladan, sai na yanke shawarar dainawa. A lokacin ne wani abokina da ya yi karatu a Malesiya, daidai shekarun da sigarin lantarki ke tashe a can, ya ba ni kyautar nasa, ya ce da shi ya rabu da kara.

Ba irin 'yan ƙananan nan ba ne masu launi-launi da ake zuƙa a yar. Wani bututu ne na jan ƙarfe, kamar ƙaramar tocila, mai nauyi a hannu. A cikinsa batir ɗaya ne, wanda ake kira 18650 saboda faɗinsa milimita 18 ne tsawonsa 65, irin wanda ake samu in an fasa batirin tsohuwar laftof. Bayan batirin babu komai a ciki, babu allo, babu ƙwaƙwalwa. Maɓalli ne a gindi, in ka danna ya taɓa batir, wuta ta bi jikin bututun kansa, ta ratsa haƙoran da ake murɗawa, ta hau kai inda wata nannaɗaɗɗiyar waya take dumama auduga mai jiƙe da ruwan ƙamshi. Nawa ruwan na mangwaro ne. A jikin maɓallin akwai wani zobe da ake murɗawa ya kulle shi, don kada ya dannu a aljihu. Ku riƙe maganar zoben nan.

Wata shida muna zaman lafiya. Damina ta wuce a kansa, ga gumin hannu, sai ya dushe ya koma launin tsohon kwabo, haƙoran kuma suka fara yin kore-kore. Tururin ya ragu. Maɓallin ya riƙa ɗumi a yatsa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙara: duk lokacin da na zo kwance shi in canza batir sai ya yi wani ƙiiii, kamar ƙofar langa-langa. Ni kuwa da daddare nake wannan aiki, a gareji, bayan kowa ya kwanta. Wata safiya uwargida tana zuba mini koko ta ce, “Abban yara, a sayo maganin ɓera. Kullum ƙarfe 11 sai na ji kukansa a gareji.” Na ce to. Har na sayo maganin, don kada magana ta yi tsawo.

Na kira abokin nawa. Ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Ya ce jan ƙarfe in ya haɗu da iska da damshi yakan yi wata fata a samansa, fatar nan kuma ba ta barin wuta ta wuce sosai. Shi ya sa ƙarfin ya ragu, shi ya sa maɓallin ke ɗumi, domin duk inda wuta ta sha wuyar wucewa zafi take zama. Ya ce in kwance komai, in wanke haƙoran da lemun tsami da tsohon buroshi, in shanya su bushe ƙayau. Bayan nan, in ina so, akwai wani mai da ake kira Noalox, na Amurka, wanda asalinsa masu aikin lantarki aka yi wa don haɗa wayoyin alminiyom. Toka-toka ne, a cikinsa akwai garin zinki, ƙarfen nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi. Ya ce in ɗebo kamar ƙwayar gero, in shafa a haƙoran, in goge ragowar. Har ya ƙara da cewa masu harkar da yawa ba sa ma sa wa jan ƙarfe komai, wanki kawai suke yi.

A cikin duk wannan karatu, sunan man kaɗai na riƙe. Lemun tsami ai na mata ne da kunun zaƙi. Ni abin Amurka nake so.

A Farm Centre wani mai gyaran waya ya miƙo mini farin man da ake shafa wa kwamfuta don ta huce, na ce ba shi ba ne. Na wuce Ƙofar Ruwa, inda wani dattijo mai sayar da kayan mota ya saurare ni da kyau, ya gyaɗa kai kamar likita, ya shiga ciki ya fito da gwangwanin giris na boris mai cin kilo guda. Na ce masa abin da zan shafa wa bai fi babban yatsa kauri ba. Ya ce, “Alhaji, ai ba ya lalacewa. Jikokinka ma sa yi amfani da shi.” Da ƙyar na ƙwaci kaina, kuma sai da na sayi sifana lamba 10 da ba na buƙata, don kunya.

Ashe abin yana bayan gidana. Maƙwabcinmu mai wayarin, wanda ke haɗa sola da manyan wayoyi, yana da irinsa a wata matsattsiyar roba da rubutunta ya goge. Ya matso mini a murfin kwalbar lemo, ya cika shi. Ya ce, “Wace waya za ka haɗa, maƙwabci?” Na ce tocila ce. Ya dube ni, ya dubi murfin, ya ce, “Tocila. To, kaɗan dai.”

Mutum biyu ke nan suka ce mini kaɗan. Amma ni da na zauna a gareji da daddare sai na yi nawa lissafin. An ce man nan yana taimakon wuta. To in ƙwayar gero tana taimako, ina ga cokali? Wa ya taɓa cin tuwo ya ce man shanu ya yi yawa? Ban wanke komai ba. A kan koren nan da dauɗar wata shida na lafta shi. Na shafa a haƙoran sama, na shafa a na ƙasa, na cusa a cikin maɓalli, na dangwala a kan batir da gindinsa. Da na ga saura a murfin, kuma ban iya almubazzaranci ba, sai na ƙarasa shi a haƙoran zoben kullewa.

Daga baya maƙwabcin ya fahimtar da ni abin da ban tsaya na tambaya ba. Man ba waya ba ne. Aikinsa ya toshe iska kada ta kai ga ƙarfe, garin zinkin kuma ya kankare 'yar fatar da ke sama lokacin da ake ɗaurewa. Wutar kanta sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe take wucewa. Wato ni na ɗauko datti na yi masa bargo.

Amma a daren nan murna nake. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Bututun yana murɗuwa sumul kamar an sa masa kuɓewa. Tururin bai ƙaru ba ko kaɗan, sai dai na shawo kan kaina cewa ya ƙaru. Da safe uwargida ta ce maganin ɓeran nan mai kyau ne, a riƙa sayen irinsa.

Sai hunturu ya shigo. Wanda ya san ƙurar Kano a watan Disamba ya san babu inda ba ta shiga, har cikin tukunya mai murfi. Ta samu mai a buɗe, ta zauna. A mako biyu toka-tokan ya koma baƙi, mai tsakuwa-tsakuwa. Yatsuna kullum kamar na bakanike. Maɓallin ya fara nauyin dawowa in an danna, sai na ɗan taɓa shi da farce. Na lura, na ce zan duba ranar Lahadi.

Ranar Asabar aka ɗaura auren ƙanwar uwargida.

Na sha farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, sabon ɗinki, ta sha sitati har tana amsa sallama in na motsa. Na murɗa zoben na kulle, na jefa bututun a aljihun wando. Abin da ban yi tunani ba shi ne zoben da aka yi wa wanka da mai ba ya zama inda aka bar shi. Tafiyar da na yi daga mota zuwa ƙofar gida ta ishe shi ya warware kansa a hankali, ba ƙara, ba gargaɗi, albarkacin gyaran da na yi.

A matsayina na babban suruki aka ja ni gaba, aka zaunar da ni a darduma kusa da mahaifin amarya. Na tanƙwashe ƙafa, na sunkuyar da kai yadda ya kamata. Gindin bututun ya tokari cinyata.

Da farko sauti na ji, tsss, ƙasa-ƙasa, kamar an saka ƙosai a mai a can wani gida. Sai ƙamshin mangwaro ya tashi, a tsakiyar hunturu, lokacin da ko a kasuwar 'Yan Lemo sai an yi da gaske. Wani tsoho a hagu ya shaƙa, ya lumshe ido, ya matso ya ce mini a kunne, “Yaro, wannan turaren daga Makka ka taho da shi?” Na ce, “Kyauta aka ba ni, Baba.” Wannan dai ban yi ƙarya ba.

Waliyyin ango yana cikin neman aure, ana ambaton sadaki, sai mangwaron ya ƙare, auduga ta fara ƙonewa. Ƙamshi ya juya ƙauri. Cinyata ta ɗauki ɗumi, ɗumin ya zama zafi. Irin sigarin lantarki masu allo sukan yanke wuta da kansu in an danne su kamar daƙiƙa 10. Nawa ba shi da wannan hankalin, kamar mai shi. Na san lissafin, abokina ya taɓa yi mini: cikakken batir bolt 4.2, wayar kai om 0.2, in ka raba ya ba ka amfiya 21, wat 88 a takarda, fiye da abin da fankar sama take ja. Na kuma san batir irin wannan in ya yi zafi ya wuce ƙima feshin wuta yake yi. Duk wannan yana aljihuna, taku ɗaya daga surukina.

Na ɗan ɗaga cinya don maɓallin ya dawo. Bai dawo ba. Ƙura da mai sun riƙe shi gam.

Liman ya ce a yi Fatiha. Kowa ya ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, kuma da na ɗaga sai babbar rigar ta buɗe hanya, wani siririn hayaƙi ya biyo ta wuya ya fito daidai haɓata, ya miƙe sama a natse. Ban taɓa jin Fatiha mai tsawon wannan ba. Ana shafawa na miƙe. Zuciyata ta ce ruga, hankalina ya ce kul: a taron jama'a, mutum ya tashi da gudu hayaƙi na fita daga rigarsa, ba tambaya ake fara yi masa ba. Don haka na taka ɗaya-ɗaya, da ƙasaita, kamar hakimi zai hau doki, ina amsa “Allah sanya alheri” hagu da dama, cinyata tana gasuwa.

A bayan wata mota na zaro shi. Zafi, ga santsi. Na murɗa, hannu ya zame. Na sake, ya zame. Babu tsumma, babu hankici, sai na kama shi da hannun babbar riga na murɗa da ƙarfin tsiya. Ya buɗe, batirin ya faɗo a yashi, rigarsa ta roba ta tattare saboda zafi. Wani yaro ya taho zai ɗauka, na daka masa tsawar da har yau in ya gan ni yake sauya hanya. Na tsaya a kan batirin ina gadi kusan minti 20 har ya huce, abokan ango suna wucewa suna kallon babban suruki yana tsaron yashi. Shaddar kuwa, hannun dama ya yi baƙin shatin yatsu biyar, aljihun wando ya yi wani zagaye ruwan ƙasa.

Surukina bai ce mini komai ba, har yau. Da yamma dai ya aiko uwargida da saƙo: a gaya wa maigidanta, in zai sa kaskon turare a aljihu, ya riƙa juye garwashin tukuna. Ta isar da saƙon tana kallon bango, kafaɗunta suna rawa. Sannan ta ce, “Ashe ɓeran namu mangwaro yake sha.”

Batirin na kai wa maƙwabci, ya ce ya gama aiki, kada in sake sa shi a komai. Washegari na je gaida Hajiya mahaifiyata, bututun yana cikin leda a hannuna, niyyata in jefar a hanya. Ta ce mene ne, na ce tocila ce ta lalace. Ta karɓa, ta jujjuya, ta shinshina. Ta sa aka jiƙo tsamiya, aka kawo toka da omo da wani tsohon buroshin haƙori. Ta wanke man tas, ta jiƙa guntayen a ruwan tsamiyar, ta dirje haƙoran ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take yi wa mundayenta na tagulla tun muna yara, ta ɗauraye, ta shanya a faifai. Kafin la'asar abin yana walƙiya ja-jawur, ya fi ranar da aka ba ni. Ta murɗa shi, ko ƙis bai yi ba.

Na miƙa hannu. Ba ta ba ni ba.

Ta ce, “Wannan ne ya gaji waccan da kake ɓoyewa a ramin katangar bayan gida?” Na ce wace. Ta ce, “Wadda kake cin citta a kanta. Ni nake sayen cittar, ai na san yadda take ƙarewa.” Na sunkuyar da kai, ina lissafin shekara 11 na zagayen unguwa. Ta ce wannan ya fi waccan daɗin wari, amma shi ma ya isa haka.

Yanzu yana kan kantarta, kusa da kwalbar kwalli, allurai take zubawa a ciki. Ta ce ba ta taɓa samun gidan allura mai murfi mai kyau irinsa ba. Shaddar kuma mai wanki ya caje ni kuɗin kaya biyu, ya dawo da ita da shatin yatsu huɗu.