Me ya sa likitan tiyata yake jin kansa daban?

Akwai wata tsohuwar tsama tsakanin likitocin tiyata da sauran abokan aikinsu, wadda ba ta cika fitowa fili ba sai a wajen raha. Likitan tiyata yana ganin aikinsa shi ne na gani da ido. An kawo yaro cikin dare, cikinsa ya kumbura saboda taifot ya huda masa hanji, an buɗe cikin, an wanke, an ɗinke, bayan 'yan kwanaki sai ga shi yana kurɓar kunu, iyayensa suna ta sa albarka. Shi kuwa likitan cututtukan cikin jiki zai shafe shekaru yana lallaɓa mai hawan jini ko ciwon suga, yana ƙara ƙwaya yana ragewa, ribar wahalarsa ita ce shanyewar ɓarin jikin da ba ta auku ba, kuma babu mai zuwa godiya a kan abin da bai faru ba.

Abin mamaki, a da likitocin tiyata ne a ƙasa. A Ingila an haɗa masu fiɗa da masu aski a ƙungiya ɗaya a 1540, ba su rabu ba sai 1745, masu ilimin jami'a kuma suna yi musu kallon masu sana'ar hannu, kusan matsayin wanzaminmu mai kaciya da ƙaho. Sai da aka gwada maganin sa barci a bainar jama'a a birnin Boston na Amurka a 1846, sannan Joseph Lister, wani likitan tiyata ɗan Birtaniya, ya fito da hanyar kashe ƙwayoyin cuta a 1867, kafin darajarsu ta ɗaga.

A ganina, yawancin abin da ake kira girman kai a wurinsu nauyi ne. Wanda ya rubuta magani yana iya sauya shi gobe, amma wanda ya yanke jijiyar da bai kamata ba, a nan take zai ga jini, kuma ya san hannun wa ya yi. Mai shakka ba zai iya tsayawa a wannan wuri ba, ni kaina ba zan so mai rawar hannu ya fiɗe ni ba.

Inda na saɓa da su shi ne idan suka fito da wannan hali waje, har suka fara ɗaukar sauran likitoci a matsayin masu dogon nazari kawai. Likitan sa barci ne ke riƙe da numfashin majinyaci tun daga farko har ƙarshe, wani ne ya daidaita sugansa kafin a shiga, ma'aikaciyar jinya ce ke ƙirga audugar da aka sa a cikinsa don kada a manta ɗaya. Shi ya sa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya tanadi cewa kafin a ɗora wuƙa kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, babba da ƙarami, sannan a tabbatar da sunan majinyacin da wurin da za a yanka.