Huicundo ba kauci ba ne

Bahaushe in ya hango tsiro ya ɗare kan reshe, ba ya tsayawa tambaya, cewa zai yi kauci ne. A gida yana da gaskiya, domin kauci kafa baki yake yi cikin jikin kaɗanya ko ɗorawa, ya yi ta zuƙar ruwanta har reshen ya bushe. Amma a nan Kito, babban birnin Ikwado a Kudancin Amurka, in ka yanke wa huicundo, tsiron da ke ɗarewa kan rassan bishiyoyi, wannan hukunci ka zalunce shi.

Dangin abarba ne, duk wanda ya dubi yadda ganyensa ya zagaye zai gane. Saiwarsa ta riƙe reshe ce kawai, ba ta taɓa ruwan bishiyar. Wasu irinsa ganyen ne ke haɗuwa ya yi kwarmi a tsakiya, ruwan sama da busasshen ganye su taru a ciki, kwaɗi da ƙwari su samu mazauni. Irin da masana ke kira Tillandsia complanata haka yake, ana samunsa tun daga Kosta Rika har Boliviya, da Kyuba da Jamaika, yana kuma hawa duwatsun Andis ya wuce mita 3,000. Abin da ke riƙe shi can sama hazo ne, ba irin namu na hunturu mai ƙura da tsage leɓe ba, hazo mai laima wanda ke jiƙa riga ba tare da an yi yayyafi ba.

Kito na kan tudun mita 2,850, ya ɗara Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya. Duk da haka ba tsayi kaɗai ne ke kawo huicundo ba. Dajin Ngel Nyaki na Mambila yana da sanyi da gajimare, rassansa cike da tsirrai, amma babu huicundo ko ɗaya, saboda dangin nan na nahiyar Amurka ne. Ɗaya tak ya tsallako teku da kansa, Pitcairnia feliciana, a ƙasar Gini, shi kuwa kan dutse yake zaune.

Abin da ke ɓata min rai shi ne Disamba. Ana ɓamɓaro shi daga daji tare da gansakuka don adon Kirsimeti, duk da hukuma ta hana. Mai sare kauci ya taimaki bishiya. Mai ɓamɓare huicundo kuwa tsiron da ya shekara da shekaru yana girma ya ɗauke, don kwalliyar da za a zubar a bola kafin Janairu ya ƙare.