Matasa, Ku San Asalin Yaƙin Sudan Kafin Ku Ɗauki Ɓangare

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a Facebook da TikTok. Da zarar an ce yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa, kafin la'asar mun rabu gida biyu, kowa ya riƙe gwaninsa kamar masu gardamar ƙwallo a gidan kallo. Bidiyon rabin minti ya ishe mu yanke hukuncin wane ne mai gaskiya, wane ne azzalumi. Inda abin ya fi ci mini rai shi ne batun Sudan.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana tsakiyar azumi, aka fara luguden wuta a Khartoum tsakanin sojojin Janar Abdulfattah al-Burhan da dakarun RSF, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa ta Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti. Wasu a cikinmu sun ce sojoji ne masu kare ƙasa, wasu sun ce Hamidti ɗan ƙauye ne da ya zo ƙwato wa talaka haƙƙinsa daga manyan birni. To ku tambayi kanku, ina mutanen nan biyu suke kafin ranar? Tare suke. Tare suka gaji mulki bayan faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019, tare suka kifar da gwamnatin farar hula ta Abdalla Hamdok a Oktoban 2021. A lokacin Hamidti mataimakin Burhan ne. Abin da ya raba su a fili shi ne maganar shigar da RSF cikin rundunar soja: sojoji suka ce a gama cikin shekara 2, Hamidti ya ce sai 10.

Amma wutar ta daɗe tana ci a ƙarƙashin ƙasa. Darfur, yankin da ke yammacin Sudan, daula ce mai sarkinta, da fada a Fashir, har zuwa 1916 da Turawan Ingila suka kashe Sarki Ali Dinar suka haɗe ƙasarsa da Sudan. Turawa sun zuba dukiya inda za su ci riba, wato gonakin audugar Jazira da madatsar ruwan Sennar da aka kammala a 1925, suka bar yammacin ƙasar babu hanya, babu makarantun kirki. Da aka sami 'yancin kai a 1956 sai mulki ya faɗa hannun 'yan bokon bakin kogin Nilu, su ma ba su sauya zani ba. Ga farin 1984 da 1985 da ya koro makiyaya zuwa ƙasar manoma, ga bindigogin da suka kwararo daga yaƙin Chadi da Libiya.

A 2003 'yan tawayen Darfur daga ƙabilun Fur da Masalit da Zagawa suka ɗauki makami. Nan ne Bashir ya yi abin da Sudan ke ɗanɗana kuɗarsa yau. Ya ga yaƙi da soja zalla akwai tsada, sai ya raba makamai ga mayaƙan wasu ƙabilun Larabawa makiyaya, waɗanda aka kira Janjawid, ya sake su a kan ƙauyuka. Aka ƙone garuruwa, aka yi wa mata fyaɗe, mutane suka tsallaka Chadi gudun hijira. Ku lura da kyau, ku masu son maida kowane rikici na addini: mai kisan da wanda ake kashewa duk alƙibla ɗaya suke kallo.

A cikin waɗannan mayaƙa Hamidti ya taso, bayan ya yi fataucin raƙuma. A 2013 Bashir ya ɗinka musu kaki ya raɗa musu suna RSF, don su zame masa garkuwa ko da sojojinsa za su juya masa baya. A 2017 suka ƙwace ma'adinan zinare na Jabal Amir, suka kuma tura yaransu yaƙin Yaman ana biyansu. Mutum ya sami bindiga, ya sami zinare, ya sami abokai a waje, wa zai ce masa ajiye? Wanda ya yi kiwon ɗan kura ai ya san ranar da zai kwana da ido biyu. Ranar 3 ga Yunin 2019, da aka buɗe wa masu zaman dirshan wuta a gaban hedikwatar soja a Khartoum aka kashe mutum fiye da 100, matasa ne irinku, kuma majalisar sojan da Burhan da Hamidti ke jagoranta ce ke riƙe da ƙasar.

Yanzu mutum sama da miliyan 10 sun bar muhallinsu. An yi wa Masalit kisan kiyashi a Janaina a 2023, Fashir ta faɗa hannun RSF a Oktoban 2025 bayan doguwar ƙawanya da yunwa. Jiragen soja su ma ana zarginsu da jefa bama-bamai a kasuwanni. Ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da bai wa RSF makamai, tana musantawa, Masar kuwa tana bayan sojoji. Ni ban ga gwanin da ya cancanci tafi a nan ba.

Ga kuma abin da yawancinmu ba mu sani ba, alhali ya fi kusa da mu. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin har yau ana kiransa Mai Wurno. Ga alhazan da suka bi hanyar ƙasa guzuri ya ƙare, suka tsaya ƙwadago a gonakin Jazira, suka hayayyafa. A Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta ya ci rayuka sama da 100 a jihar Shuɗin Nilu, domin wasu na ganin Hausawan da suka fi shekara 100 a wurin har yanzu baƙi ne. Da RSF ta shiga Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, a Disamban 2023, ta kuma kutsa jihar Sennar a 2024, yankunan da danginmu suke ne wutar ta bi.

Don Allah 'yan uwa, kafin ka tura bidiyon gawarwaki da taken "Allah ya ƙara nasara", tsaya ka binciki wa ya ɗauka, yaushe, kuma gawar wa ce. Da yawa daga bidiyoyin tsofaffi ne, wasu ma ba daga Sudan ba. Addu'arka ka yi wa mutanen da ke sansanonin Chadi, ba janar-janar ba. In kana son labari na gaskiya, ɗalibanmu da suka yi karatu a Khartoum, waɗanda aka kwaso a motocin bas ta iyakar Masar a 2023, suna nan a Kano da Katsina da Sakkwato. Nemi ɗaya ka zauna da shi, ka bar shi ya yi magana.