Kudu maso gabashin Asiya tsakanin kasuwar Sin da jiragen yaƙin Amurka

Duk lokacin da aka taɓo takun-saƙar da ke tsakanin Amurka da Sin, hankalin mutane kan tafi ga manyan biyun kawai, a manta da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, waɗanda a ƙofar gidansu ake wannan ja-in-ja. A ganina su ne suka fi cancanta a sa wa ido, domin sun ƙi yarda a tilasta musu zaɓar ɓangare. Ina ganin sun yi daidai, ko da yake damar da suke da ita ta yin hakan tana raguwa shekara bayan shekara.

A ɓangaren ciniki maganar a fili take. Tun 2009 Sin ce babbar abokiyar cinikin ASEAN, wato ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, daga 2020 kuma ASEAN ta sha gaban Tarayyar Turai ta zama ta farko a cikin abokan cinikin Sin. A watan Janairun 2022 yarjejeniyar ciniki ta RCEP ta fara aiki, wadda ta haɗa ƙasashe 15, wato goma na ASEAN tare da Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Ostireliya da New Zealand, kuma babu Amurka a cikinta. Layin dogon da ya haɗa Sin da Laos ya buɗe a 2021, jirgin ƙasa mai matuƙar sauri tsakanin Jakarta da Bandung a Indonesiya ya biyo baya a 2023, duka da kuɗi da fasahar Sin. Ita kuwa Amurka da hannunta ta fice daga yarjejeniyar TPP, ta ciniki tsakanin ƙasashen gaɓar tekun Pasifik, a Janairun 2017, bayan ta kwashe shekaru tana jagorantar tsara ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikin teku. Sin tana iƙirarin mallakar mafi yawan Tekun Kudancin Sin bisa wani layi da ta zana a taswira, har da ruwan da dokar teku ta duniya ta ba Filifin da Biyetnam da Malesiya da Brunei haƙƙin cin moriyarsa. Labarin Filifin ya isa a yi nazari a kansa. A 1991 majalisar dattawan ƙasar ta ƙi sabunta zaman sansanonin Amurka, sojojin suka bar sansanin sojan ruwa na Subic a 1992, zuwa 1995 kuma aka wayi gari Sin ta kafa gine-gine a tsandaurin Mischief da ke cikin tekun. A 2012 ta karɓe iko da tsandaurin Scarborough, wurin da masuntan Filifin suka gada kaka da kakanni. Manila ta kai ƙara, kotun sulhu a birnin Hague ta yanke hukunci ranar 12 ga Yulin 2016 cewa layin na Sin ba shi da tushe a doka, Beijin kuma ta ce hukuncin bai shafe ta ba. Shugaba Rodrigo Duterte ya jingine hukuncin ya nemi kusanci da Sin, ya samo alkawuran zuba jari na biliyoyin daloli waɗanda kaɗan ne suka tabbata, jiragen Sin kuwa ba su janye ba. Da Ferdinand Marcos ƙarami ya hau mulki sai ya koma ga Amurka, a 2023 wuraren da sojojinta za su iya amfani da su a ƙasar suka kai tara. A watan Yunin 2024 an yi arangama da jami'an Sin kusa da tsohon jirgin ruwan Sierra Madre, wanda Filifin ta kafe da gangan a kan tsandauri tun 1999 don tabbatar da iƙirarinta, har wani sojan ruwanta ya rasa babban yatsa. Ba na zargin Filifin, domin an zalunce ta, amma sauya alƙibla da kowane sabon shugaba ya sa manyan biyun sun san cewa jira kawai za su yi.

Biyetnam ta bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi burge ni. Ƙasar nan ta gwabza da Amurka har zuwa 1975, ta gwabza da Sin a kan iyaka a 1979, ta kuma rasa sojoji a hannun Sin a tsibiran Spratly a 1988, saboda haka babu wanda zai koya mata halin kowanne a cikinsu. Duk da haka ta karɓi Joe Biden a Hanoi a Satumbar 2023 ta ɗaga dangantakarsu zuwa mataki mafi girma, ta karɓi Xi Jinping a Disambar wannan shekarar, sannan ta karɓi Vladimir Putin a Yunin 2024. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ga ƙasar da take tauna uku, kuma abin da ya ba ta ikon hakan shi ne masana'antun da ta tara. Tana sayo kayan haɗi daga Sin, ta harhaɗa wayoyi da tufafi da takalma, ta sayar wa Amurka, babu kuma wata ƙasa da take da sansanin soja a cikinta a yau.

Wannan tsarin ne yanzu yake cikin haɗari, kuma a nan laifin Amurka ya fi yawa. A Afrilun 2025 Donald Trump ya sanar da harajin kashi 46 cikin ɗari a kan kayan Biyetnam, da kashi 49 a kan na Kambodiya. An rage daga baya, na Biyetnam ya dawo kashi 20, amma da sharaɗin cewa kayan da aka ɗauka na Sin ne aka bi da su ta ƙasar za su biya kashi 40. Ma'anar wannan ita ce a raba masana'antun yankin da Sin, alhali daga can injinansu da kayan aikinsu suke zuwa. Ba zai yiwu ka nemi ƙasa ta tsaya tare da kai a teku ba, kana kuma toshe mata hanyar cin abinci. Filifin ma, wadda take da yarjejeniyar tsaro da Amurka tun 1951, ba ta tsira daga harajin ba.

Raunin da ya fi damu na yana cikin ASEAN kanta. Ƙungiyar ba ta yanke shawara sai kowa ya amince, don haka ƙasa ɗaya tak ta isa ta rufe bakin sauran. Hakan ta faru a taron 2012 da aka yi a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, lokacin da ministocin harkokin waje suka watse ba tare da sanarwar bayan taro ba, karo na farko tun kafa ƙungiyar a 1967, saboda Kambodiya ta ƙi a ambaci rikicin tekun. Tun 2002 ake maganar dokar da za ta tsara yadda kowa zai yi mu'amala a wannan ruwa, an kuma kwashe fiye da shekara ashirin ana zaman tattaunawa, jinkirin da Sin ta yi amfani da shi ta cike tsandaurai da yashi ta shimfiɗa titunan saukar jiragen sama a kansu. Ta wannan tekun da mashigin Malaka ne kwantenonin atamfa da wayoyi da babura suke bi daga Guangzhou zuwa Legas kafin su iso Kano, saboda haka duk ranar da aka yi harbi a can, kuɗin jigila da na inshora za su tashi, kuma ɗan kasuwar Kantin Kwari zai gani a farashin kayansa cikin 'yan makonni.