Kuɗin rashin aiki a Amurka ma ana biya masa haraji

Mutane da yawa a Amurka sun ɗauka kuɗin da jiha ke ba wanda ya rasa aiki tallafi ne da babu ruwansa da haraji. Ba haka ba ne. Gwamnatin tarayya tana lissafa shi cikin abin da ka samu a shekara. A lokacin korona an yafe haraji kan dala 10,200 na farko, amma na shekarar 2020 kaɗai.

Matsalar ita ce ba a cire maka harajin daga kuɗin sai ka nema. Ka cike fom W-4V, ko ka zaɓa a shafin intanet na jiharka, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari. Mai karɓar dala 400 a mako zai ga 360. Da ciwo, amma ya fi a tara maka bashi zuwa Afrilu, lokacin biyan harajin shekara, aljihu babu komai.

A ƙarshen Janairu jiha za ta ba ka fom 1099-G mai nuna jimillar kuɗin da aka biya ka, kwafinsa kuma yana hannun IRS, hukumar harajin tarayya, don haka ɓoyewa ba ta yiwuwa. Harajin jiha kuwa ya bambanta: Niyok tana karɓa, Kalifoniya ba ta karɓa.